Tauren da Ba a Yanka Ba

Gidan da aka kai ni aure yana wata 'yar unguwa ta Kiristoci a ƙasar Gwarzo, can gefen Mainika. Gida tara ne duka-duka. Tsakaninmu da garin Musulmi gona uku ce da wani kwari da ruwa ke bi da damina. Kasuwarmu ɗaya, injin niƙanmu ɗaya, in an yi rasuwa a can mazanmu su je gaisuwa, in an yi a nan su ma su zo. Amma kowa ya san iyakarsa, kuma babu inda iyakar ta fi fitowa fili kamar a kan nama.

Al'adar da na tarar a gidan ita ce ba ma yanka dabbar Kirsimeti da hannunmu. Musulmi ake kira ya yanka, don maƙwabta su ci hankalinsu kwance. Har wata tukunyar dalma marigayiya Inna, uwar mijina, ta ware, ana ce mata tukunyar baƙi, ba a dafa komai a ciki sai abin da Musulmi ya yanka. In an sauke, babban kwanon farko gidan mai unguwa yake zuwa, shi kuma ya ɗiɗɗiba wa na kusa da shi. Da Babbar Sallah su ma su aiko mana da namu. Shekara da shekaru ana haka, ba wanda ya taɓa tambayar wa ya yanka, domin an san daga gidan Baba ya fito. Da Inna ta rasu tukunyar ta dawo hannuna, tare da girkin gidan gaba ɗaya.

Baba, wato uban mijina, dattijon ikilisiya ne, mutum mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Ni kuwa akasin haka ce. Ubana bai haifi namiji ba, don haka ni ya riƙa ja zuwa gona, ni ya koya wa huɗa da fiɗar dabba, kuma a wurinsa na gaji saurin fushi da ƙin a ce na yi kuskure. Mijina yakan ce duk wanda zai ja da ni ya yi guzuri, don tafiyar mai nisa ce.

A wata kaka, ana tsakiyar yankan dawa, wani mutum ya shigo gari da matarsa mai ciki da ƙunshin kaya ɗaya. Daga ƙauyukan wajen Katsina suka fito, 'yan bindiga sun tashi garinsu. A lokacin kowa a tsorace yake da baƙo, don ana ta jin labarin masu shigowa da sunan neman aiki, su ƙare wa dabbobin mutane kallo su kai rahoto daji. Mai unguwa ya ce shi ba zai kori mai neman mafaka ba, amma ba zai zaunar da shi ba sai wani magidanci ya tsaya masa. Kwana biyu mutumin da matarsa suna rumfar kasuwa, ba wanda ya tsaya. A rana ta uku Baba ya shiga gari gaida mai unguwa, ya dawo da su a bayansa.

Mazan unguwarmu ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Suka taru a gindin darbejiyar ƙofar gida suka ce wa Baba mu 'yan tsiraru ne, in wani abu ya faru kanmu za a fara dubawa. Suka ce mutumin nan ko addini bai haɗa mu ba, nasa ma sun ɗauke kai, mu ne za mu kwaso? Baba ya bari kowa ya gama, sannan ya yi magana.

"Da ubana ya zo nan ko fartanya ba shi da ita. Uban mai unguwan nan ne ya nuna masa gona. Mu kuma da Ubangiji ya karɓe mu, bai jira wani ya tsaya mana ba. Alheri aka yi mana, ban san yadda zan ci shi ni kaɗai ba."

Ba wanda ya gamsu. Ni ma ina daga bayan danga ina ji, kuma ina tare da su, sai dai dalilina bai kai nasu girma ba. Ɗakin da nake ajiye gyaɗata da wakena aka kwashe aka ba baƙin. Turken awaki da ke jikin ɗakin aka tumɓuke, aka mayar da dabbobi bayan gida inda babu wurin ɗauri na kirki. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar farko na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuɓewa har da man shanu, na aika musu, aka dawo mini da kwanon ba a taɓa ba, da godiya mai yawa a kansa. Mutumin, wanda muke kira Malam, ya roƙi Baba a riƙa ba su tsaba, matarsa za ta dafa.

Wata biyu ana haka. Aiki kam ba a ce masa komai: yankan dawa, ɗaurin dami, gyaran danga, tun hantsi har yamma, ga shi ba ya haɗa ido da kowa. Matar ma ba ruwanta, in mun haɗu a bakin randa sai ta durƙusa ta gaishe ni da cikinta a gaba. Amma duk lokacin da na ga hayaƙi yana tashi daga murhunsu, ji nake kamar an ce mini hannuna ƙazanta ne. Na kai ƙara wurin Baba. Ya ce mutumin da aka raba da gidansa da gonarsa, addininsa ne kaɗai ya fito da shi, a bar shi ya riƙe abinsa. Na fita ina buga ƙafa.

Da Kirsimeti ya matso Baba ya fito da dabararsa. Akwai wani taure ja da yake kiwo tun damina, ya yi ƙiba har yana tafiya da ƙyar. Ya ce bana ba za a kira kowa daga cikin gari ba, Malam ne zai yanka da hannunsa, a dafa a tukunyar baƙi, su ci kwano ɗaya su biyu. Malam ya yarda. Na ga yadda Baba ya ɗauki abin, kwana uku yana maimaita shi ga duk wanda ya zo gaisuwa.

Ranar jajibere da yamma tauren nan ya kwance, ya faɗa cikin shinkafar da na shanya a tabarma, ya ci ya tattake sauran. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba tauren nake zagi a zuciyata ba, baƙin da suka sa aka cire turke nake zagi. Na ja shi bayan rumbu na ɗaure a jikin wani kututture, dab da guntuwar katanga. Igiyar gajeriya ce, kuma zarge na yi masa, irin ƙullin da ke ƙara matsewa in an ja. Duk wanda ya tashi a gidan kiwo ya san ba a yi wa akuya zarge kusa da abin da za ta iya haurawa. Na sani sarai. So nake ya ji a jikinsa.

Majami'armu tana wata unguwa a kan hanyar Kabo, akwai 'yar tazara. Gari na wayewa Baba da mijina suka hau babur suka tafi, don dattawa ke fara isa. Sauran mutanen unguwa suka bi a ƙafa, har da 'ya'yana biyu. Ni aka bari da girki kamar kowace shekara. Ina cikin hura wuta Malam ya yi sallama a bakin madafa, fuskarsa ba daidai ba. Ya ce matarsa ta kwana da zazzaɓi, yanzu ko tsayuwa ba ta iyawa, zai riƙa ta zuwa bakin titi su nemi mota zuwa asibitin Gwarzo. Ya ce in ba Baba haƙuri, in shiga gari in kira wani ya yi yankan. Na ce to, Allah ya ba da lafiya, na taya shi ɗora mata zane.

Bayan sun fita na zagaya bayan rumbu in duba tauren. Ban gan shi ba, sai igiya a miƙe ta haura katanga. Na leƙa. Yana can ɗaya ɓarin a rataye, ƙafafun baya sun taɓa ƙasa, harshe a waje. Na taɓa shi, jikin bai gama sanyi ba, amma rai ya daɗe da fita.

Na tsaya riƙe da katanga ina tunanin fuskar Baba, da bakin mijina, da matan unguwa da za su ce ai ita ce ta fi kowa sanin dabba. Mu ma ba ma cin mushe, balle wanda ya shaƙe. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in bar shi a wurin, in tuƙa tuwo, in jira su dawo in faɗa. Minti nawa ne ma maganar? Amma ni a duniya ba abin da ya fi mini wuya irin in buɗe baki in ce ni ce. Na waiga hagu da dama, unguwa shiru, ko kare ba ya motsi. Na koma madafa na ɗauko wuƙa.

Jinin bai zuba ba sai ɗan baƙi-baƙi mai kauri. Na kwara ruwa a ƙasa na barbaɗa toka don wurin ya yi kama da inda aka yi yanka. Na feɗe shi da sauri, na nannaɗe fatar da igiyar na cusa ƙarƙashin rumbu, saboda shatin zargen ya fito a wuyan raɗau. Naman ya yi duhu. Na wanke shi ruwa uku, na cika masa citta da kanumfari da barkono, na soya shi har ya yi ja, sannan na juye a tukunyar Inna. Ƙanshi ya cika gidan. Ni da ba na sauke miya sai na ɗanɗana sau biyar, ranar ko ludayin ban kai baki ba.

Da azahar suka dawo da waƙa a bakinsu. Mijina ya leƙo madafa ya tambayi ina Malam. Na ce ya yi yanka da sassafe, sannan ya wuce asibiti da matarsa. Maganar ta fito da sauƙin da ya ba ni tsoro. A lissafina asibiti zai riƙe su kwana biyu ko uku, kafin nan an cinye nama an manta. A ƙasan wannan lissafin kuma akwai wani, wanda sai yanzu nake iya rubuta shi: ko ya dawo ya musa, wa zai gaskata baƙo a kan matar gida?

Na zuba babban kwano na rufe da faifai, mijina ya ɗaure a bayan babur ya kai gidan mai unguwa. Ina tsaye ina kallo har ya haura kwari. 'Ya'yana suka zo suna miƙa hannu, na ce ba mai taɓa nama sai Baba ya yi addu'a. Baba kuwa ya ce shi zai ɗan jira zuwa la'asar, ko Allah zai sa Malam ya leƙo. Kun ga ke nan na hana nawa, na aika wa na wasu.

La'asar na yi suka shigo. Ƙarin ruwa kawai aka yi wa matar aka sallame su, ga filasta a bayan hannunta. Malam ya kai ta ɗaki ya fito gindin darbejiya, inda Baba ke zaune da mijina da maza huɗu na unguwa, kwanuka a jere a tsakiyarsu. Ina bayan danga ina jin komai. Aka yi ta gaisuwa, ya mai jiki, ya hanya, ya gajiya. Sai Baba ya matsa masa tabarma.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Ga mara lafiya a hannu, amma sai da ka tsaya ka yi mana yanka."

Malam ya tsaya bai zauna ba.

"Baba, ai ban samu na yi ba. Na bar saƙo a kira wani."

Mijina ya ƙwala mini kira. Na fito na durƙusa nesa kaɗan. Ya maimaita abin da Malam ya ce, ya tambaye ni wa ya yanka tauren. A nan Allah ya buɗe mini ƙofa ta biyu, na sa ƙafa na rufe ta. Na ce Malam ne, a gabana ya yi, watakila hankalinsa ne ba ya jikinsa saboda mara lafiya.

Malam ya ɗago ya dube ni. Wannan ne karo na farko da muka haɗa ido tun zuwansa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na samu abin riƙewa. Ya dai dube ni kawai, ya mayar da kansa ƙasa.

Daga nan wurin ya hargitse. Wani daga cikin mazan ya ce ai ga irinta nan, mutum ya yi yanka ya dawo ya musa, so yake a ce mun ciyar da Musulmi abin da ba a yanka ba, a haɗa mu faɗa da gari. Wani ya ce da ma shi tun farko bai yarda da shirunsa ba. Mijina, wanda bai taɓa kama ni da ƙarya ba, ya miƙe tsaye. Ya ce an ba shi ɗaki, an ba shi hatsi, sakayyar ke nan ya ƙaryata matar gida a gaban mutane? Ya ce ya tattara nasa ya nasa kafin rana ta faɗi. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. In Baba ya janye hannunsa, mai unguwa ba zai bar su su kwana a ƙasar ba, kuma ba su da inda za su.

Malam ya tashi a hankali ya sa takalmansa.

"Zan tafi. Na gode da abin da aka yi mini. Amma don Allah a aika gidan mai unguwa yanzu, kada su ci."

Ya shiga ɗaki. Muna jin motsin kwanuka yana ɗaure su a zane. Can matar ta fito tana dafa bango, ta zauna a bakin ƙofa da cikinta, ba ta kuka, ba ta kallon kowa. Ni ina nan a durƙushe. Ina ce wa kaina saura kaɗan, in sun tafi shi ke nan magana ta mutu.

Sai da hayaniya ta lafa Baba ya jawo kwanon naman gabansa ya ɗauke faifan. Ya ce abinci yana hucewa, a zauna. Sannan ya juyo gare ni.

"'Yata, ke kika sha wahalar girkin nan. Yau ke za ki yi mana godiya a kansa."

A gidan nan Baba ne ke addu'ar abinci, ban taɓa jin ya ba wani ba. Maza suka cire huluna suka sunkuya. Na rufe ido. Tun ina yarinya nake addu'ar nan, ko cikin barci zan iya kawo ta. Na ce, "Ya Ubanmu," sai na tsaya cak. Abin da ke biye shi ne in gode don abincin nan, in roƙa a tsarkake shi. Na yi wa mijina ƙarya, na yi wa Baba, na yi wa gari, kuma duk sun wuce sumul. Wannan ce ta ƙi wucewa. Na sake gwadawa, ba abin da ya fito. Ina jin Malam a ɗaki yana ja wa ƙunshinsa ƙulli na ƙarshe.

Na tashi na zagaya bayan rumbu. Na jawo fatar, ƙudaje sun riga sun same ta, na kawo na shimfiɗa a gaban Baba, igiyar tana wuyanta da zargena a jiki. Na faɗi komai, tun daga shinkafa har zuwa tokar da na barbaɗa. Na ce Malam bai ko ga tauren ba. Na ce na san ƙaryata za ta kore shi, kuma na so ta kore shi. Da na kai nan kuka ya ci ƙarfina.

Mijina ya zauna daɓas. Mutumin da ya fi kowa zaƙewa ɗazu ya shiga neman hularsa, alhali tana hannunsa. Baba ya naɗe fatar da kansa, ya ɗauki sandarsa, ya ce in wanke fuskata, ni da shi za mu shiga gari. Mijina ya ce shi zai je a madadina, ba a kai mace zauren mai unguwa. Wani kuma ya ce a yi shiru mana, tunda ba wanda ya sani a can, in maganar nan ta fita gida taran nan ba za su kwana lafiya ba. Baba ya ce ya ji. Ya dube ni ya ce mu je.

Mun haura kwari na ji taku a bayanmu. Malam ne, ba wanda ya kira shi.

Mun tarar da mai unguwa a zaure da mutum biyar ko shida, sun dawo daga sallar la'asar. Abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne kwanonmu, an wanke shi tas an kife a bakin ƙofa. Na durƙusa a waje, su Baba suka shiga. Gaisuwa ta yi tsawo kamar kullum, ya gida, ya iyali, ya biki, ya taro, ni kuwa kowace amsa ji nake kamar ana ƙara mini kaya a ka. Mai unguwa ya ce naman bana ya fi na bara, har tsohuwarsa da ba ta da haƙori sai da ta nemi ƙari.

"Ranka ya daɗe, abin da ya kawo mu ke nan," in ji Baba. "Gidana ya yi muku laifi babba."

Na gane yana shirin ɗauke abin gaba ɗaya ya ɗora wa kansa. Daga inda nake na ɗaga murya na nemi gafara na ce ba gidan ba ne, ni ce. Na sake faɗin komai a karo na biyu, kuma bai fi na farko sauƙi ba. Baba ya warware fatar a tsakar zaure.

Wani dattijo ya tashi ya fita da sauri, na ji shi yana kakari a bayan zaure. Wani mai jini a jika ya miƙe yana cewa da gangan ne, ya kira mu da sunan da ake kiranmu da shi in rai ya ɓaci. Ya ce bari ya je ya gaya wa mutane abin da aka ba su. Na tuna 'ya'yana a gida, da dangar kara da ke kewaye da mu. Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce ya zauna, amma fuskarsa shi ma ba ta da kyau. Sai ga muryar Malam daga can kusa da ƙofa.

"Ranka ya daɗe, ni baƙo ne, ba ni da bakin magana a nan. Amma ɗan abin da na karanta, wanda ya ci bai sani ba babu komai a kansa. Ita kuma da ta yi shiru, ni za a kora, magana ta bi ni. Na riga na ɗaure kayana. Da ƙafarta ta zo."

Mai unguwa ya daɗe yana kallon fatar. Sannan ya ce wa mutanensa maganar nan a zauren nan za ta kwana, wanda ya fitar da ita shi da shi ne. Ya ce Malam ya ci gaba da zamansa. Ya juya ga Baba ya ce tun yana yaro yake cin naman gidanmu bai taɓa tambaya ba, yau an koya masa tambaya. Ya ce kada a sake aiko kwano sai ya nema. Ni kam ko kallo ban ishe shi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Sai da aka yi Kirsimeti uku kafin ya aiko a kawo, lokacin Baba ya riga ya kwanta dama. Wannan asarar ni na jawo, har yau ina jin ta.

A hanyar dawowa Malam ya yi gaba ya bar mu. Na ce wa Baba ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ina bayan rumbu. Na tambaye shi ko da ma ya sani. Ya ce bai sani ba, amma ya ga jikokinsa suna kewaya tukunya ba ko tsoka a hannunsu, abin da bai taɓa gani ba tun da na zo gidan. Ya ce ba zai bari baƙonsa ya fita ba ko da me, sai dai in shi ya tona ni, an kama ni ke nan kawai, shi kuwa so yake in dawo da kaina. Daga nan ya yi ta sauke numfashi har gida, don hawan kwarin yana ba shi wuya.

Mun tarar mijina ya haƙa rami a bayan gida ya binne naman duka. Bai dube ni ba, kuma sai da ya yi mako bai yi mini magana ba. Amma na ga ya shiga ɗakin baƙi ya daɗe, da ya fito idonsa ja. Mazan unguwa sun watse. Yara suna ta ƙorafin yunwa, ranar Kirsimeti guda, ba shinkafa ba nama. Na kai tukunyar Inna bakin randa na dirje ta da toka da yashi har yatsuna suka yi zafi, sannan na ɗora wata na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka, ko daddawa ban samu natsuwar sa wa daidai ba.

Ina cikin kwashewa, rana ta kusa faɗuwa, aka yi sallama a bakin madafa. Malam ne, yana tsaye nesa kamar yadda ya saba, idonsa a ƙasa. A hannunsa akwai kwanonsu na silba, wanda ɗazu yake cikin ƙunshi.

"Uwargida, in da saura a zuba mana. Ba za ta iya girki yau ba."

Na tsaya da mara a hannu. Wata biyu nake jiran kwanon nan, ga shi ya zo a ranar da ban cancanci ko gaisuwarsa ba. Sai na ji bakina yana tambayarsa ko ba zai tambayi abin da ke cikin miyar ba.

"In da wani abu, za ki faɗa," in ji shi.

Na karɓi kwanon da hannu biyu. Na sa malmala uku, na zuba miya, hawaye yana hana ni ganin bakin kwanon har ta ɗan zube a gefe. Na goge da zanena na miƙa masa. Ya ɗebi na matarsa ya kai mata ɗaki, ya fito da sauran gindin darbejiya inda Baba ke zaune shi kaɗai. Baba ya matsa masa tabarma, suka wanke hannu.